Haɓon da Ba Ya Ɓata Riga

Na san abin da aka gaya muku. An ce Bappanku Sa'adu ne ya bi ta bayan fage ya ƙwace limancin masallacin unguwarmu a Yola, wanda ni ya kamata in gada tunda ni ne babba. Shi ya sa kai Aminu, in kun haɗu a kasuwa, kake gaishe shi a tsaye, hannu a aljihu. Ina gani, ban taɓa cewa komai ba, don ƙaryar tana rufa mini asiri. To na gaji. Sa'adu bai ƙwace komai ba. Abin da ya raba ni da gaban sahu yana nan cikin rigata, ko yanzu da nake rubutun nan yana ƙugi. Cikina ne. A aji huɗu na bar boko, don haka kada ku nemi ado a maganata, ku dai karanta.

Ciwon ya fara nuna kansa shekarar da aka ba mu mulkin kai. Ina koyon ɗinki a Jimeta, aka jibge wa maigidana kayan fareti na 'yan makaranta, aka ce kwana tara. Tun ranar da ya ce in na ɓata yadi ɗaya in kama hanyar Yola, cikina ya ɗaure. Da safe murɗa, kamar ana matse wanki a ƙasan cibiya. In ruga bayan gida, in fito, kafin in zauna kan keke in sake komawa, sau uku, sau huɗu, ƙarshe ba abin da ke fita sai majina. In na yi, murɗar ta lafa. Wani satin kuma abin ya juya, kwana uku ba ko alama, ciki ya kumbura ya yi tauri, iska tana yawo tana neman hanya. Da aka gama fareti ya kwanta kamar ba shi ba. Ban haɗa wannan da wancan ba. Na ce ruwan kogi ne. Haka muka yi ta yi da shi shekara da shekaru, ya tafi ya dawo.

A gidanmu ba a irin wannan maganar. Kunyar da muke ce wa semteende da ita aka yaye mu. Namiji ba ya bari a ga ya ɗauki buta ya nufi salga, sai ya zaga kamar zai duba akuya. Ni kuma ɗan fari ne. Kakanku Modibbo bai taɓa kama sunana ba, daga "kai" sai "wannan". Mutumin da ke kunyar faɗin sunanka, ta ina za ka fara gaya masa sau nawa ka tsuguna yau? Uwarku Dija kaɗai ta sani, don ita ke cika butar.

Shekarar da aka raba Arewa aka sa mu cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ana ta raɗe-raɗin yaƙi, a shekarar ne gwiwoyin Baba suka ƙi, idonsa kuma ya fara yin hazo. Ya koma salla a zaune. Masallacinmu ƙarami ne, na ƙasa, ba ya wuce sahu biyu. Wata rana bayan asuba, mutane ba su watse ba, ya nuna ni da haɓa.

"Daga yau wannan zai riƙa jan mu."

Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni. Na kwaso kekena na ɗinki daga Jimeta na kafa a zaure don kada in rasa azahar da la'asar.

Cikin masu bin mu akwai Ba Modu, wani tsohon Babarbare mai sayar da banda, wanda ya fi shekara talatin a unguwar. Kun san tsakaninmu da Barebari ba a gaisawa sai an taɓa juna. A ranar ma bai bari ta wuce ba.

"Fulani, kun ga ikon Allah? An mai da ku ƙarƙashin Maiduguri. Limamin ma da kuka naɗa, kun rubuto mana takarda?"

"Modu," in ji Baba, "bawa in ya samu rawani, kunnensa yake fara naɗewa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma tun a nan na ji abin ya motsa ƙasan cibiyata.

Wanda bai taɓa tsayawa a gaba ba, ba zai gane ba. Asuba da magariba da lisha da sauƙi, don kana karatu a bayyane, muryarka tana rufe maka. Azahar da la'asar su ne azaba. Karatu a ɓoye, masallaci tsit, mutum goma sha wani abu a bayanka, babanka yana zaune daf da ƙafarka ta dama. A wannan shirun cikina ke tashi. Ya yi ƙugi, ya yi kuka kamar an taka ɗan kwikwiyo. Ina Fatiha, amma rabin hankalina yana can ƙasa yana tsaron ƙofa. Ruku'u kuwa, in na sunkuya, ji nake kamar na danna salka. Tun ladan bai kira ba nake fara zarya. Na daina cin abincin rana. Na sha kanwa, na sha jiƙo, na sha rubutun da na rubuta wa kaina da kaina.

Akwai abin da Baba ya koya mana tun muna yara. In alwalar liman ta karye yana cikin salla, ba ya ci gaba. Sai ya kama hancinsa kamar mai haɓo, don a rufa masa asiri, ya jawo wani daga sahu ya ƙarasa da mutane, shi ya fita. Sallarsu ta yi. Amma in ya sani ya ci gaba, ya ɓata tasa ya ɓata ta kowa. Sati na uku da naɗa ni, a raka'a ta biyu ta azahar, iska ta kuɓuce mini. Ba ƙara, ni kaɗai na sani. Na kama hanci, na miƙa hannu baya na cafko rigar Sa'adu na jawo shi gaba, na ratsa sahu na fita. Yana da shekara ashirin da biyu kacal a lokacin, amma ya kai su. Da yamma Goggo, 'yar'uwar Baba, ta aiko a ce in daina shiga rana, in riƙa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Na ɗora. Ina zaune a zaure da tsumma a ka kamar wawa, ciwo yana wani wuri.

Bayan haɓon ƙarya na biyu ne Dija ta tsare ni.

"Hancinka lafiyarsa ƙalau, ni da kai mun sani. Ka je asibiti."

"In ce musu me?"

"Abin da kake ce wa butata kullum."

Na je. Likitan Ba'indiye ne, wani ma'aikaci ɗan Numan yana mana tafinta. Suka ɗebi jini, suka sa na kai bayan gida a 'yar kwalba har sau uku, na ɗauke ta a aljihu tun daga Yola kamar ɓarawo. Ba tsutsa, ba komai. Likitan ya danna cikina ko'ina, sannan ya zauna ya fara tambaya. Kana ganin jini? Babu. Ka rame? Ban rame sosai ba. Yana tashe ka daga barci? A'a, in na yi barci shi ma ya yi. Zazzaɓi fa? Babu. Sai ya ce, to yaushe yake ƙyale ka?

Na yi tunani. Na tuna da kaka da ta wuce na haye kogi a jirgin fito, lokacin ba gada, na je Girei taya Kawu girbin dawa. Kwana biyar. Na ci wake, na sha nono ƙwarya guda, ban ji ko ƙis ba. Na gaya masa. Ya ce yaushe ya dawo? Na ce a cikin jirgi, da na hango gaɓar Jimeta. Ya yi murmushi, ya yi magana mai tsawo yana taɓa kansa yana taɓa cikinsa. Tafintan ya juyo.

"Ya ce hanjinka ba ciwo, ba rauni. Saurin fushi ne da shi. Ya ce kai da ciki akwai waya tsakaninsu, kamar ta gidan waya. Tsoro ya shiga kai, kai ya buga wa ciki, ciki ya murɗa. Ciki ya murɗa, ya buga wa kai, kai ya ƙara tsoro. Haka suke ta yi."

"Wato ni matsoraci ne?"

"Bai ce haka ba, Malam."

"Ko mahaukaci? Tambaye shi. Murɗar da nake ji ƙarya nake?"

Ya tambaye shi. Likitan ya girgiza kai da ƙarfi.

"Ya ce ciwon gaskiya ne, ba ƙarya. Ba ya kisa, amma ba ya warkewa kwata-kwata, lallaɓa shi ake. Ya ce mene ne kake tsoro?"

Na tashi na ɗauki hulata. Ni ɗan Modibbo, in zauna in gaya wa baƙo da ɗan Numan abin da nake tsoro? Na karɓi farin maganin kwalba da suka ba ni na fito ina zagin su a zuci.

Shekaru suka wuce kafin na yarda mutumin nan gaskiya ya faɗa, kuma bari in rubuta abin da na koya tun ban manta ba, don na ga yadda ke Hadiza kike zarya duk ranar jarrabawa, kina cewa ƙosai ne. Ƙosan yana da laifi, amma ba shi kaɗai ba. Ni wake, ɗanyar albasa, madara, barkono mai yawa da goro kafin karin kumallo, su ne abokan gabata, naki kuma ke za ki gano su da kanki, ki riƙa lura da abin da kika ci da abin da ya biyo baya. Zama da yunwa da nake yi ƙara lalata abin yake. Ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, tuwo da miyar kuɓewa, ruwa isasshe, tafiya a ƙasa da yamma. In zan shiga taro, ina fara sanin inda bayan gida yake, in zauna kusa da ƙofa, in ja numfashi a hankali har ciki ya saki. Sau da yawa sanin cewa zan iya fita shi ke hana ni bukatar fitar. Kuma ɓoyewa ita ce abincinsa. Amma ranar da kika ga jini, ko rama, ko ya tashe ki daga barci, wannan ba irin nawa ba ne, ki tafi asibiti ba shawara.

A lokacin dai ban san ko ɗaya ba. Na kama hanci karo na uku, na sake jawo Sa'adu. Da na dawo daga alwala an idar, mutane suna sa takalma. Ba Modu ya dube ni sama da ƙasa, ya kama gaban rigata fara yana dubawa kamar mai ciniki.

"Liman, wannan haɓon naka ɗan gidan sarauta ne. Sau uku ke nan, bai taɓa ɓata riga ba."

Wasu suka yi dariya. Wani ya ce, "Kai Modu, ka ji tsoron Allah."

"To jinin Bafillace cokali nawa ne? Ƙila tattalinsa yake."

Wasa yake yi. Na san wasa yake, ko a lokacin na sani. Amma maganar ta shige ni kamar allurar keke. Daga ranar duk wanda ya kalle ni sai in ga hancina yake kallo.

Ranar Laraba ce, la'asar, raka'a ta uku. Na ɗago daga ruku'u, abin ya faru. Ba shakka a ciki, ba waswasi, na sani kamar yadda na san sunana. Hannuna ya fara tashi zuwa hanci. Sai na tuna Ba Modu yana sahun farko, na uku daga dama. Hannun ya koma. Na ce Allahu akbar, na yi sujada. Mutum goma sha huɗu suka bi ni ƙasa, har da babana. Na kai su raka'a ta huɗu, na yi tahiya, na yi sallama, na juyo na ɗaga hannu na yi musu addu'a suna amin. Na shiga gida na yi alwala na rama tawa a ɗaki, na rufe ƙofa. Na wanke kaina na bar su da salla a wuya ba su sani ba.

Abin da cikina ya yi mini bayan wannan bai taɓa yi ba. Ruwa ma in na sha sai ya murɗa. Kullum in ce yau zan faɗa, in na juyo bayan sallama na ga fuskokinsu sai harshe ya ƙi. In ce gobe. Na aika aka ce ba ni da lafiya, Sa'adu ya ja kwana biyu, na dawo, na sake aikawa. Na fara lissafi irin na marar gaskiya: ai ba su sani ba, ai Allah mai gafara ne, ai ƙila ban ji daidai ba. Na ji daidai.

Kwana takwas da wannan Larabar, Ba Modu ya rasu. Zazzaɓin kwana biyu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma duk taku ɗaya abu ɗaya nake ji a kaina: mutumin nan ya tafi da la'asar guda da ba ta yi ba, kuma ni na cuce shi. Da muka dawo na shiga salga na daɗe. Da na fito Dija tana tsaye. Na gaya mata duka. Ta riƙe baki.

"Har da Baba a ciki?"

"Har da shi."

"Saura mutum nawa?"

"Sha uku."

"To jira kake su zama sha biyu?"

Washegari Juma'a, an tafi babban masallaci. Ranar Asabar na ja azahar, na lallaɓa har na kai. Da na yi sallama ban juyo na zauna ba, na miƙe tsaye. Cikina ya dunƙule wuri ɗaya.

"Jama'a, kada kowa ya tashi. La'asar ta Larabar makon jiya, duk wanda ya bi ni ya rama. Alwalata ta karye a raka'a ta uku, na sani, na ci gaba. Kuma ban taɓa yin haɓo ba. Ciwon ciki ne da ni, ya daɗe, ba na iya riƙe alwala in na tsaya a gaba."

 Wani yaro ya fara dariya, ubansa ya make shi. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, kwana goma!" Wani daga baya ya ce, "To Modu fa?" Sa'adu ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

 Da Fillanci Baba ya yi magana, na mayar muku da Hausa tunda kun ƙi koyo.

"Modu ya yi sallarsa a kan abin da ya sani. Ba a kama bawa da abin da aka ɓoye masa. Nauyin yana kan wanda ya ɓoye, ya nemi gafara." Ya juya kansa wajen ladan. "Tada iƙama. Sa'adu, shiga gaba."

"Baba, Hamma yana nan," in ji Sa'adu, yana nufin ni, wansa.

"Na ce shiga gaba."

Ni na riga na rama tawa, ba ni da wuri a wannan sahun. Na fita na zauna a bakin ƙofa cikin takalman mutane. Raka'a huɗu, shiru, rana tana dukan ƙeyata, masu wucewa suna mamakin wace salla ake yi a wannan lokacin. Ina zaune ina jiran murɗa ta zo. Ba ta zo ba. Cikin da ya hana ni sakat wata biyu ya kwanta lumui, har na ji yunwa. A nan, cikin takalma, na tuna Ba'indiyen nan da wayarsa, na ji haushinsa ya ƙaru don ya fi ni gaskiya.

Da aka watse, wasu suka wuce ba su kalle ni ba. Ɗaya ya dafa kafaɗata. Kafin magariba labari ya kai kasuwa, kuma sunan da aka laƙa mini, liman mai haɓo, ya bi ni har Jimeta da na mai da kekena can, ya bi ni har Karewa inda aka haife ku. Da dangina na wajen uwa suka ƙirƙiro zancen ƙwace don su wanke ni, na bar su. Sa'adu ya ji, bai taɓa musawa ba, shekara ashirin yana ɗauke da sunan maci amana don kada a sake tada maganar cikin wansa.

A ranar dai ni na rage a ƙofa. Baba ya fito a ƙarshe yana lalube, ya miƙo hannu, na ba shi kafaɗa. Daga masallaci zuwa gida taku arba'in ne. Ina jira ya tsine mini ko ya kore ni. Mun yi rabi sai ya tsaya, bai dube ni ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina jan mutanen nan. Sau biyar na kama hanci."

Na juyo na dube shi.

"Kana tsammanin ni haɓo nake yi?"

Ya ci gaba da tafiya, na bi shi da kafaɗa. A ƙofar zaure ya sake ni ya shiga. Da ladan ya kira la'asar na je da wuri, na tsaya a ƙarshen sahu na biyu, gefen ƙofa. Sa'adu ya waiwayo yana nemana da ido. Na yi masa alama da hannu ya yi kabbara.